Daƙuwar da ban fassara ba

Haƙorina na gaba, wannan mai tsagin, wani direban tasi ne ya fasa shi a Atina. Ina tsallaka titi da buhun jakunkuna a kafaɗa ya kusa kwashe min ƙafa, ni kuwa tun ina yaro ban iya haɗiye fushi ba. Na buɗe yatsu biyar na watsa masa daƙuwa, ina cewa a raina Bature me ya sani. Ashe ya sani. Ya taka birki, ya fito, ya zuba min naushi a baki, ya ƙara da wani a ciki, sai ga ni durƙushe ina tofar da jini a kan hajata. Ranar na gane Girkawa ma suna da daƙuwa, irin tamu sak. Mu a Kano uwa kan yi wa ɗanta tana dariya. Su kuwa in ka yi wa wanda ba abokin wasanka ba, balle babba, to ka shirya.

Shekara bakwai na yi a Girka, huɗu a Italiya, duk ina tallar jakunkuna a bakin titi. Yaren biyu na iya, amma na titi: gaisuwa, ciniki, tambayar hanya, sai zagi da na fi ƙwarewa a kai. A shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik na riga na koma can, birnin Guangzhou, ina sarin jakunkunan mata ina turawa Kano. Wata ƙaramar masana'anta a unguwar Panyu nake zuwa, ta wani Bagirke ƙato mai saurin hannu. Ƙanwarsa, wadda mijinta ya rasu, ita ke duba ɗinki. Mai yanka fata kuwa wani ɗan Italiya ne da ya haura hamsin, watansa shida kacal a wurin. Ban taɓa ganin hannu mai iya wuƙa irin nasa ba.

Kowa a masana'antar ya san yana son ƙanwar, kuma ita ma ba ta ƙi ba. Da guntun Turanci suke hira. Yayan ba ya so, sun ma taɓa sa-in-sa a kai, amma maganar ba a hannunsa take ba. Mahaifiyarsu za ta zo daga Girka, su wuce Beijing kallon wasanni, don Girkawa gani suke wasan gadon gidansu ne. In tsohuwar ta yarda da shi, zai bi su gida a ɗaura aure. In ta ƙi, shi ke nan.

Shi ya sa ya tare ni wata rana da sabon littafin rubutu.

"Abokina, ka san yarensu, ka san nawa. Rubuta min abin da zan gaishe ta da shi, da wanda zan yi amfani da shi a hanya in na je can."

Na raba shafi biyu, Girkanci a hagu, Italiyanci a dama. Kalimera, bonjorno, wato ina kwana. Efharisto, giratsiye, wato na gode. Ina tashar jirgi, abincin ya yi daɗi, sannu da gajiya, lambobi daga ɗaya zuwa ashirin, ba ni minti biyar, ba ni minti goma. Kwana uku ina yi masa, ban karɓi ko shayi ba.

Sai dai ina jin haushinsa. Shi mutumin arewacin ƙasarsu ne, ni kuwa a kasuwannin kudu na koyi yaren. Duk na buɗe baki sai ya kwaikwaye ni a gaban 'yan matan da ke ɗinki, ya ce ina magana kamar mai sayar da kifi. Su yi ta dariya ko da ba su ji me aka ce ba. Ni ma in yi yaƙe, amma abin na ci na.

Mako guda kafin tsohuwar ta iso na same shi yana bita a teburinsa. Ɗan Italiya ba ya magana sai da hannu. Ya ce "pende lepta", minti biyar, ya turo min tafin hannunsa a fuska, yatsu a baje. Ya ce "deka lepta", minti goma, ya turo duka biyun. Na fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Me ya faru? Ban faɗa daidai ba?"

"Daidai ne, malam. Ka fi su iyawa."

Kalma biyu ta isa in gyara masa. Na ƙi. Na so a ɗan kunyata shi, a zage shi a gaban 'yan matan nan, ya ji yadda nake ji. Wallahi iyakar abin da na nufa ke nan.

Ranar da ta zo ina wurin, da tsakar rana, zafi kamar a gidan burodi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya. Ɗan Italiyan ya sa riga mai kyau, ya rusuna ya ce kalimera, ya miƙa hannu. Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta karɓa ba, ta wuce. Da alama ɗanta ya riga ya cika mata kunne. Fuskar mutumin ta yi ja, kowa ya gani. Ya koma teburinsa, inda yake haɗa mata wata jaka ta kyauta, saura maɗauri kawai. Ta zaga ta ga injuna, ta nufi ƙofa. Da ya ga za ta fita bai ba ta ba, sai ya ruga ya sha gabanta, ya ɗaga hannu biyu, yatsu goma a baje, ya tura mata har kusa da hanci.

"Deka lepta!"

Ba na jin akwai wanda ya ji kalmar. Tsohuwar ta ja da baya ta dafe ƙirji. Ɗanta ya yi wata ƙara, ya tsallake tarin fatu, ya shaƙo mutumin ta wuyan riga ya buga kansa da ƙarfen ƙofa. Goshi ya tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Ya ja shi a ƙasa har teburin yanka, yana naushinsa a baki, a kunne, duk inda hannu ya samu. Ɗan Italiyan bai rama ba, bai ma san laifinsa ba. Sai ƙara ɗaga hannuwan yake don kare fuska, yatsu a buɗe, shi kuwa Bagirken gani yake ana ƙara masa wata.

'Yan matan ɗinki suka watse suna ihu, "Lawban! Lawban!", wato maigida. Ƙanwar ta rataye a bayan yayanta, ya yarfar da ita ta faɗa kan keken ɗinki. Sai ya danne hannun daman mutumin a kan tebur, ya ɗauki gudumar da ake huda fata da ita. Na ji ƙarar farko, na ji ta biyu. A ta uku na kama shi ta baya, ya ba ni gwiwar hannu a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke. Sai da maza huɗu daga ɗakin kaya suka taru a kansa. Yatsu uku sun juya inda yatsa ba ya juyawa, jini na bin fatar jakar yana ɗiga ƙasa. Tsohuwar na tsaye tana kallo, ko ƙifta ido ba ta yi.

Ba wanda ya kira 'yan sanda. A watannin nan ana tsananta binciken takardun baƙi, kowa na da abin da yake ɓoyewa, har da ni. A motar kaya muka kai shi asibiti.

Bayan kwana biyu ƙanwar ta aiko a kira ni in yi musu tafinta. Na sami ɗan Italiyan a kwance a asibiti, hannu a naɗe har gwiwa, leɓe a kumbure. Na riga na gaya masa ma'anar abin da ya yi. Da ya ji, sai ya ce to ai da sauƙi, da an faɗa musu bai sani ba za su gane. Bai tuna da dariyata ba, ko kuma bai kawo komai a ransa ba. Ƙanwar ta shigo da tabo a kumatu. Yayan ya tsaya a bakin ƙofa, ya harɗe hannuwa, ya cika ƙofar.

Ɗan Italiyan ya ce in gaya mata bai san hannu zagi ba ne, minti goma kawai ya roƙa don ya gama jakar. Na fassara mata daidai, ban rage komai ba. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa. Na ga tana so ta yarda. Sai ta juyo gare ni, ta yi magana a hankali da Girkanci.

"Yayana ya ce da gangan ya yi, don mama ta ƙi karɓar hannunsa. Kai ka koya masa yarenmu. Shekara bakwai ka yi a cikinmu, ba yadda za a yi ka manta da wannan. Ka gaya min gaskiya, ka gargaɗe shi a kan hannun?"

Na dubi ƙofa. Bayan hannun yayan duk ya sassale, haƙarƙarina kuma bai daina ciwo ba. Ni da nake taƙama ba na tsoron kowa, sai tsoro ya kama ni. In na ce a'a, tambaya ta gaba ita ce me ya hana ni.

Na ce, "Ne."

A Girkanci "ne" shi ne e. Yana shafin farko na littafin, kuma mutumin ya haddace shi. Ya ji ta yi doguwar tambaya cikin taushin murya, ya ji na amsa da e, sai ya ɗauka shaida na ba shi. Ya yi mata murmushi da fasasshen bakinsa. Ta tsaya tana kallon murmushin nan, fuskarta na sauyawa. Ta ɗauki jakarta ta fita, yayan ya matsa mata hanya ya bi bayanta.

Ɗan Italiyan ya kamo hannuna da na hagunsa ya matse.

"Na gode, abokina. Yaushe ta ce za ta dawo?"