Shuɗin Ragon Hajo

Duk unguwar Kusfa babu mai fitar da farar shadda kamar Hajo. Tun da mijinta ya rasu take wankau, da shi ta ci da 'ya'yanta har ta aurar da su. Amma sabulu ba ya da tausayi. Yatsunta suka tsattsage, idan ta tsoma su a ruwa sai ta ciji leɓe. A asibiti aka gaya mata gaskiya: ko ta bar wanki, ko hannun ya ƙi moruwa.

To ta bari ta ci me? Shi ne ta sayo 'yan raguna biyu 'yan ƙasa, masu gajeren gashi, ta kafa turke a bayan ɗakinta. Ita da ko kaza ba ta taɓa kiwatawa ba. Ƙanenta Aƙilu, wanda bakinsa bai san linzami ba, ya leƙo ya ce, "Yaya, wannan kuma wanke su za ki yi ko guga?"

Wata bai cika ba ɗaya ya haɗiyi leda ya mutu. Ta yi kuka sosai, don ta ga kamar bahon wanki ne ke jiranta har kabari. Ɗayan da ya rage kuwa ya ga gata. Ta bi masu kiwo da tambaya ba kunya, ta koyi jiƙa dusa, ta san harawar wake ta fi ta gyaɗa a wurinsa, ta san yawan kanwar da za a sa a ruwa. Rago ya murje, wuya ya cika.

Da layya ta matso aka ce mata masu saye suna son rago fari tas. Nan fa sana'a ta motsa. Ta wanke shi da omo, sannan ta yi abin da duk mai wankin kirki ke yi wa farin kaya: ta ɗauraye shi da bula. Hannunta dai ya saba da shadda, bai saba da gashi ba. Rago ya bushe ya fito shuɗi, kamar an tsamo shi daga marina.

Ta ɗaure shi a ƙofar gida don babu yadda za ta yi. Lungu ya cika da 'yan kallo, Aƙilu har da zama a dakali don dariya. Hajo na cikin zaure, kunya kamar ta nutse.

Hayaniyar ce ta tsayar da Bahago mahauci. Shi bai yi dariya ba. Ya damƙi gadon bayan ragon, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki ya duba haƙora.

"Inna, wa ya yi miki wannan kiwon?"

"Ni ce. Bular ce dai ta yi yawa."

"Ni nama nake saye, ba launi ba. Wannan kam na saya. Kuma in za ki iya, zan kawo miki huɗu ramammu ki ɗaure mini, mu raba riba."

Yau turke shida ne a gidanta. Ranar da ragunan Bahago suka iso, wani Alhajin da ta daɗe tana yi wa wanki ya aiko da ƙunshin shaddoji. Ba ta ko kwance shi ba. Ta ce a gaishe shi da kyau, a ce masa Hajo ta daina.