Badukun Bakin Tasha

A bakin tasha akwai wani baduku, siriri kamar tsinken sakace, tabaraunsa ɗaure da zare. 'Yan farantan fata yake yi na ajiye makulli, kowace kusurwa da ƙusar tagulla. Wajen duba santsin gefe bai yarda da idonsa ba, sai leɓensa na ƙasa, har leɓen ya yi kanta. Da gani ka san matarsa ta daina jiransa cin abinci.

Ga wani matafiyi tsaye a kansa, jakarsa tana saman mota, direba na ta danna hon.

"Baba, ba ni haka nan, ya yi."

Baduku ya goga gefen a leɓe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana gishiri. "Da sauran kaushi. So kake a zage ni a garinku?"

Ya jawo kakin zuma da guntun katako, yana murzawa. Mota ta tashi. Matafiyi ya bi ta da gudu, ya dawo yana haki.

"Ungo, ɗana," in ji baduku. "Juye abin da ya rage a aljihunka, ka ga yadda zai zauna."