Busasshiyar Rigar Torleif

Tun da Oddny ta auri Torleif, duk Lahadi sai sun hau dutsen da ke bayan ƙauyensu, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. Dokarta ba ta canzawa: rigar ulu a jikin fata, rigar saƙa a samanta, sannan mai tare iska. In an kai sama, a tuɓe wadda ta jiƙe da gumi, a sa busasshiya kafin a zuba kofi.

Torleif bai taɓa tunawa da tasa busasshiyar ba.

"Tsoho, yau ma?" takan ce, tana ciro masa ita daga jakarta. "Burodinka dai ba ka mantawa."

"To ke mene ne aikinki?" yakan amsa, haƙoransa na kaɗawa.

Bara Torleif ya rasu. Yanzu da 'yarsu Gunvor take hawa. Ran nan a saman dutsen, Gunvor tana laluben kofuna a jakar uwarta sai ta ciro rigar babanta a ninke.

"Mama, wannan kuma ta wa?"

Oddny ta fizge ta, ta mayar cikin jaka.

"Shi ne mai mantuwa, ba ni ba. Sha kofinki."