Ban Taɓa Kiran Sunanshi Ba

Ina 'yar shekara sha bakwai na yi haihuwar fari, a wani ƙauye kusa da Allakaye, zamanin da Nasara ke kwasar maza aikin hanya. Ni kuwa lokacin nan in ana lissafin masu kunya, da ni ake farawa, har alfahari nike da ita. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi mishi wasa gaban mutane. Sauran mata suna yi ne don idon jama'a, in sun shiga ɗaka su rungume abinsu. Ni sai na kai abin har ɗaka. Nono kawai nike ba shi in kau da kai. Uwar mijina ce ke yi mishi tawai, ita ta ga zamanshi da rarrafenshi, ita ta riƙa hannunshi ran da ya fara takawa. Kafin yaye har ya iya cewa kaka, ya iya cewa ruwa.

Da bazarar da anka yaye shi sanƙarau ya shigo gari. Ya ɗauke tsohuwar, ya kwantar da yaron kwana da kwanaki, Allah ya tashe shi. Mijina yana can wajen Madawa yana fasa dutse. Yaro ya miƙe, amma bakinshi ya rufe, mata sunka ce ciwo ne ya maida shi baya, zai dawo. Ya cika uku, tsaranshi ana aikensu ɗebo wuta maƙwabta, suna faɗin sunayen awakin gidansu. Ya kai huɗu, tsaranshi sun fara bin yayyensu korar tsuntsaye a gona, suna waƙa. Nawa sai kallo. In na ce "kai, kawo ƙwarya" ina fuskantar turmi, ko motsi ba ya yi. Sai in ce taurin kai ne, in tsinko tsumagiya. Wallahi na dake shi ba sau ɗaya ba, kuma ba don ƙwaryar ba, don dariyar da nike jin ana yi mini a rijiya.

Wata tsohuwar Bafillatana da ke kawo muna nono ta tarar da ni ina dukanshi. Ta aje ƙwaryarta, ta zagaya bayanshi, ta buga taɓarya a turmi da ƙarfi har kaji sunka watse. Yaro bai ko ƙifta ido ba. Sannan ta tambaye ni tun yaushe ya daina waiwayowa in na kira sunanshi. Na ce mata ɗan fari ne. Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, ko saniya tana yi wa ɗan maraƙinta kuka."

Ranan na so ƙasa ta tsage in shige. Shekara biyu ɗana ba ya ji, muna kwana tabarma guda, baƙuwa ce ta gane cikin ɗan lokaci. Da ta tafi na ja shi ɗaka, na durƙusa, na kira sunanshi, karon farko a duniya. Na kira har sau uku. Shi dai bakina yake kallo, yana kare kai da hannu, yana zaton duka ne.

Ya girma ya zama gwanin saƙar tabarma, mun koyi zance da hannu, ya riƙe ni har tsufana. Amma abin bai bar cina ba. Ku mata, kunya ado ce, ban hana ba, amma ku yi wa ɗiyanku magana, ku lura da abin da tsaransu ke yi, in naku ya tsaya ku nemi dalili kafin ku nemi bulala. Ɗana ya yi shekara biyu cur da kunnuwanshi lafiya lau, ya ji sunanshi a bakin kowa a garin nan, ban da bakin uwar da ta haife shi.