Idon Hagun Kakan Kakan Baba Ɗanjuma

Ina dama fenti da safen nan aka bugo min waya, Baba Ɗanjuma mai gyaran agogo ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni mai zane ne a jikin manyan motoci, kuma da can ina ji da kaina. Baba ne ya sauke min girman kan nan a rumfarsa ta kasuwar Birnin Gwari. Ya saya min shayi, ya buɗe wani ɗan akwati, ya miƙo min gilashin da yake duba cikin agogo da shi.

Fuskar mutum ce a kan hauren giwa, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Kakan kakansa ne, bafatake daga garin Kuyello da ya tafi hajji a ƙasa tun kafin zuwan Turawa, wani mai zane a Masar ya zana shi. Da na ƙura ido sai na ga ashe kumatun duk ɗigo-ɗigo ne, furfurar gemu kuwa sili-sili aka ja ta.

"Kai kuma burushinka kamar tsintsiya," in ji Baba, yana dariya.

Laima ta daɗe tana cin zanen, idon hagu ma ya goge tun kafin in gan shi. Baba ya ce in kwafa kafin sauran ya tafi, daidai girmansa, kar in ƙara. Shi ya sa wani maharbi ya samo min gashin wutsiyar kurege na haɗa burushi. Sau shida ina ɓatawa, bai taɓa nuna min gajiya ba.

Ranar Talata na je gida gaishe shi, a lokacin idanunsa sun riga sun daina gani. Na ce masa na bakwai ya fito, saura idon hagu, ban san yadda yake ba.

Ya ce, "Ya ɗan fi na dama ƙanƙanta, yana kallon gefe kamar an kira sunansa. Riƙe wannan da kyau."

Duk duniya shi kaɗai ya rage da ya taɓa ganin idon nan. Na riƙe, Baba. Zan zana shi yadda ka faɗa, in kai wa 'ya'yanka kafin sadakar arba'in, in sha Allah.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa Baba a addu'a, ni kuma ya roƙa min kar hannuna ya yi rawa.