Ottmar da Dutsen Iyaka

Garin Tannrode yana kwance tsakanin daji da wani rafi wanda mutanen garin suke kira kogi. Tarihinsa ba shi da yawa: annoba ɗaya, gobara biyu, sai rigimar iyaka da maƙwabtansu na Birkwies, wadda suka sha kaye a cikinta tun zamanin kakannin kakanni, kuma har yau ba su huce ba. Shi ya sa duk bayan shekara bakwai gari yake fita kwansa da kwarkwatarsa, a zagaye iyaka da ƙafa. Baƙon da ke son zama ɗan gari kuwa, ƙarti ne za su ɗaga shi su dangwara mazaunansa sau uku a kan dutsen iyaka, don kada ya manta inda ƙasar ta tsaya.

Ottmar, mai gasa burodi, a Birkwies aka haife shi. Aure ya kawo shi Tannrode. Ya shekara arba'in yana ciyar da garin, amma sunansa Baƙo, har a bakin jikokinsa, kuma abin yana ci masa rai. Zagayen farko tanda ta hana shi zuwa, na biyu ciwon ƙafa, sauran kuma tumbi.

Bana ya rantse sai ya hau dutsen.

"Tsoho, ka tausaya wa bayan 'ya'yan mutane," in ji matarsa Gerlinde.

"Da burodina suka yi bayan. Yau zai yi amfani."

Ya isa dutsen yana haki. A al'ada mutum biyu ke ɗagawa. Suka dube shi, suka kira wasu biyu.

"Baƙo, burodin nan kana sayarwa kuwa?" in ji Kuno mahauci, yana naɗe hannun riga.

"Ɗaga, malam, ba hira na zo ba."

Na ɗaya lafiya, na biyu da nishi. A na uku hannun Kuno ya suɓuce, Ottmar ya sauka gaba ɗayansa. Dutsen ya karkata wajen Birkwies, kamar taƙi guda, ƙasar Tannrode ta ƙaru ke nan.

Magajin gari ya matso, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi tun yana yaro haka ya san dutsen.

Daga ranar ba wanda ya ƙara ce masa Baƙo a Tannrode. A Birkwies kuwa, ƙanwarsa da ta saba sayen nasa ta canza wurin sayen burodi.