Tela na Ƙarƙashin Matakala

In ka shiga dogon benen nan ta babbar ƙofa, ka dubi hannun hagunka, za ka ga akwatunan ƙarfe jere a ƙarƙashin matakala, inda masu kawo saƙo ke ajiye wa mazauna kayansu. Nan ne wurin Tela a da, tun kansa na baƙi wuluk har furfura ta cinye shi.

Ba sabon ɗinki yake yi ba, gyara ne sana'arsa: zif ɗin da ya mutu, wandon da ya yi wa mai shi tsawo, aljihun da ya ɓule. Yadda ya samu wurin ma ta hanyar gyara ne. Yana saurayi yana yawo da keken ɗinki a kafaɗa, sai ƙusa ta yage wa tsohon mai ginin riga a bakin ƙofa. Tela ya ɗinke ta yadda ko mai rigar bai gane inda ta yage ba. Tsohon ya nuna masa lungun, ya ce, "Zauna nan, ka huta da yawo." Ba takarda, ba shaida, a lokacin maganar babba ta isa.

Lungun ba a iya miƙewa a cikinsa, sai dai mutum ya shiga a sunkuye. Amma Tela ya mai da shi fada. Ya buga ƙusoshi ya jera zare launi-launi, ya ja ƙwan fitila ɗaya, ya sayi keken ƙafa. Da ƙafar dama yake taka keken, ta hagu kuwa tana ƙasa, diddigensa na murza daɓe duk lokacin da ya juya ɗaukar almakashi. Da wannan keken ya yi aure, da shi ya aurar da 'ya'ya.

Aibinsa ɗaya, in aibi ne: mutumin ya cika gudun abin kunya. Ko guntun zare ya faɗi sai ya tsince, wai kada a ce shi ne ke ɓata wa gini fuska. Kullum yana cikin yi wa mai gyaran waya faɗa, wani matashi da ya kafa teburinsa a lungun ƙofar baya, cikin tulin matattun caja da fasassun gilasai.

"Kai dai ba ka da kunya," in ji Tela.

"Baba, kunya ba ta gyara waya."

Tsohon mai ginin ya rasu, magada suka sayar wa wani kamfanin gidaje da ofishinsa ke can wani gari. Sai ga manajan ginin wata safiya, yaron da Tela ya rage wa wandon da ya je neman wannan aikin da shi.

"Baba, ranar Talata za a zo ɗaukar hoton ginin nan. Kowane lungu da saƙo, har bututun ruwa da wayoyin wuta. Za a zuba shi gaba ɗaya a cikin kwamfuta, masu kamfani su riƙa ganinsa daga inda suke."

"To, baƙi ke nan za mu yi," in ji Tela.

Da ya gaya wa matarsa, ta ce, "Malam, ka sa rigarka mai kyau ka zauna a bakin kekenka su ɗauke ka. Su san da mutum a wurin."

"Haba. Hoton gidan mutane za a kai wa masu shi, sai su ga tsummokarana a bakin ƙofa? Ai in baƙo zai zo, shara ake yi."

"Sharar ce sai ka share har da kanka?"

Ya yi dariya, ya ce mata ita ba ta san harkar manya ba.

Ranar Litinin ya kwashe komai. Ya roƙi maigadi ya ajiye masa keke a ɗakinsa. Ya zare ƙusoshin zare, ya toshe ramukansu, ya kwance wayar fitila, ya wanke daɓen da sabulu, ya shafe bangon da farin fenti. Ranar Talata ya sa rigarsa mai kyau, ya tsallaka titi ya tsaya, don kada ya shiga hoton ya ɓata. Daga can ya hango wata injiniya ta kafa na'ura mai ƙafa uku, kanta na juyawa a hankali. Da ta zo lungunsa ya matso bakin ƙofa, ya ji tana ce wa manaja, "Nan kam tsaf, ba abin da ya tare mana." Ranar Tela ya koma gida kamar an naɗa shi sarauta. Mai gyaran waya kuwa ko tsinke bai ɗaga ba, aka ɗauke shi yana barci a kan teburinsa, baki buɗe.

Ba a daɗe ba manaja ya dawo da kwamfutar hannu, yana ta sosa ƙeya. Kamfanin na da wata ƙirƙirarriyar basira da ke bin ginin na cikin kwamfuta, tana duba inda ruwa ke zuba, inda wuta ke tafiya a banza, da inda fili ke zaune ba ya aikin komai. Ta duba ƙofar baya ta ga tebur da kaya da mutum, ta rubuta wurin sana'a ne, a ba mai shi takardar haya. Ta duba ƙarƙashin matakala ta ga fili fes a bakin babbar ƙofa, ta ce a sa akwatunan saƙo. Masu kamfani sun sa hannu.

"Amma ai ka san ni," in ji Tela.

"Na san ka, Baba. Wallahi na rubuta musu. Suka ce in turo takardarka."

"Wanda ya ba ni wurin yana kabari."

"Shi ne ai. Su kuma abin da suka gani shi suka sani."

Tela bai yi hayaniya ba, bai iya ba. Ya dai jira ranar da injiniyar ta dawo auna wurin akwatunan, ya gaishe ta, ya ce, "'Yata, ba za a sake ɗaukar hoton ba? Ga kekena na mayar."

Yarinyar ba muguwa ba ce, har ta rage murya. "Baba, an riga an ba da kwangilar akwatunan. Da a ce ranar mun tarar da kai a wurin, da an rubuta ka kamar na ƙofar baya. Me ya sa ka kwashe?"

Me zai ce mata? Ya ce don girmama su ya yi? Garin gyaran gira ya rasa ido, kuma ba wanda ya tsokane masa, da hannunsa ya yi. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da korarsa aka yi da zagi, da ya samu wanda zai riƙe a zuciya.

Ta juyo masa da kwamfutar don ya gani. Ga lungunsa nan, fari tas, kamar ba a taɓa numfashi a cikinsa ba. Sai ya lura da wani jan zagaye a ƙasa.

"Wannan jan fa?"

Ta matso da hoton. "Daɓen ne ya lotsa a nan. Na'urar ta sa shi cikin abubuwan da suka lalace, za a cike kafin a kafa akwatunan."

Tela ya dubi ƙasa, ya ga diddigensa na hagu zaune daram a cikin lotsawar. Wato duk zaman da ya yi, abin da ya isa ga masu ginin daga gare shi ke nan, shi ma a layin ɓarna.

Yanzu keken yana ɗakin matarsa, tsakanin gado da bango. Unguwarsu ba masu zuwa ofis, kowa na ɗinke yagarsa da allura. Mazauna ginin sun ce za su riƙa kai masa aiki, mutum biyu suka je, sau ɗaya. Matar ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba, shi kuma ya fi son ta faɗa ya huta.

Ranar da ya je kwashe sauran zarensa ya tarar da magini ya cike ramin, yana lailaye simintin da cokali. Maginin bai san shi ba. Ya ɗago ya ce, "Baba, don Allah in ba sauri kake ba, tsaya min nan in je in ci abinci. Kada wani ya taka, sawu ya fito."

Tela ya ajiye jakarsa. Ya dubi ɗanyen simintin, ya dubi ƙafarsa. Taku ɗaya ne tsakaninsu, kuma ba kowa a wurin.

Wata mata ta sauko daga bene da sauri, tana magana a waya. Tela ya miƙa hannu ya tare ta.

"Bi ta can, Hajiya," ya ce. "Bai bushe ba."